Banish marar sheƙi: wanne za a saya, kuma yaya ake fesa shi kada ya yi fari?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Na kusa kammala haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba, Alpha Jet na kamfanin Kinetic, sikeli 1/48 (wato ya fi na gaske ƙanƙanta sau 48), da fentin sojan saman Najeriya. Tambura duk sun hau, saura banish, wato rufin ƙarshe marar launi da ake fesawa a kan fenti. Yayana zai dawo daga Ingila ƙarshen wata, ya ce in rubuta abin da nake so ya taho min da shi. Wane banish marar sheƙi zan ce ya sayo? Bindigar feshina allurarta milimita 0.3 ce, kwamfiresa ƙarama mai tanki. Abin da ke ba ni tsoro shi ne farin nan da nake gani a hotunan mutane, jirgi ya gama haɗuwa, ana fesa masa banish ya koma kamar an barbaɗa masa gari.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari. Ɗora mana hoto, ka kuma faɗi fentin da ke ƙasa, don shawarar ta dogara da shi.

Ɗan Zariya: Ga shi, ranka ya daɗe. Akrilik ne na Tamiya. Na rufe da banish ɗinsu X-22 mai sheƙi kafin in manna tambura, sannan na zuba tsinkakken fentin mai a layukan jiki.

Baba Mai Tankoki: Masha Allah, aiki ya yi tsaf, ɗana. Garin da ka ambata kuwa, ai gari ne na gaske. Banish marar sheƙi ba komai ba ne illa banish mai sheƙi da aka zuba wa wata hoda mai laushi ƙwarai, galibi silika. In ya bushe, ƙwayoyin hodar su ke sa fuskar fentin ta yi kaushin da ido ba ya gani, haske in ya sauka sai ya watse ta ko'ina maimakon ya dawo maka ido wuri guda. Hodar nan kuma fara ce. Duk abin da zai sa ta taru wuri ɗaya, ko ta fi ƙarfin ruwan da ke riƙe da ita, fari za ka gani.

Abu na farko ke nan: in kwalba ta zauna, hodar kwanciya take a gindi. Mai gaggawa ya girgiza sama-sama ya zuba, sai ya fesa ruwan sama, jirgi ya fito da ƙyalli, ya ce kayan jabu ne. In kwalbar ta yi rabi kuma hodar ta ninka, sai fari. Sa tsinke ka kankaro gindin, ka dama har ka daina jin dunƙule, sannan ka girgiza. Wasu kan jefa 'yar ƙwallon ƙarfe marar tsatsa a ciki. In za ka jefa, ka tabbata marar tsatsa ce.

Injiniya Kaduna: Baba ya gama bayani, ni sunan kwalba zan faɗa. Mr. Color GX114, a tsinka shi da Leveling Thinner na kamfanin, kashi ɗaya banish kashi biyu tina. Lakka ne, wato irin da ake tsinkawa da tina mai ƙarfi ba da ruwa ba, yana cizon fenti ya zauna, yana bushewa nan da nan, ka riƙe jirgi da hannu ba ya yin zane. Ga shi sumul yake kwanciya, ba ya mayar da launi toka-toka. In jirgin zai zauna kusa da taga, akwai GX113 mai tare hasken rana. Duk masu ruwan nan lallaɓa su ake yi.

Maman Ilham: Injiniya, ka zo da lakkanka tun ba a gama sallama ba. Kai kana da gareji. Ni a kan tebur nake aiki a falo, yara na shiga suna fita. Warin tinar lakka ba wasa ba ne, kuma takunkumin kyalle ba ya tare shi, sai mai matatar gawayi irin ta masu fentin mota, ga buƙatar fanka mai fitar da iska waje. Ƙanena, in ɗaki ɗaya gare ka, ka nemi mai ruwa. Akwai Vallejo 70.520, akwai AK183 Ultra Matte wanda a shirye yake zuwa ba sai an tsinka ba, akwai kuma Galeria na Winsor & Newton, wanda asali na masu zanen allo ne amma masu haɗa jirage a Ingila sun daɗe suna amfani da shi. Shi a shagon kayan zane ake samunsa, kwalbar mililita 75 ko 250, alhali ta Vallejo 18 ce, ta Tamiya 10. Su ma dai a sa takunkumi, don ƙurar feshi ko ta ruwa ce ba abokiyar huhu ba ce.

Injiniya Kaduna: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Amma ki faɗa masa gaskiya duka. Mai ruwa yana bushewa a bakin allura, ka fesa fiffike ɗaya ka tsaya gogewa. Kuma in bai nuna sosai ba ka manna tef, sai ya ɗago.

Maman Ilham: Wa zai manna tef a kan rufin ƙarshe, Injiniya?

Na Manchester: Ku tsaya tukuna, akwai abin da ya riga wannan gardamar. Ta jirgin sama yayan nasa zai zo. Fenti mai kama wuta da tina da gwangwanin feshi, duk haramun ne a kayan fasinja, a jakar hannu ko a akwatin da ake aunawa. Wato GX114 da tinarsa, da TS-80 na gwangwani, da Dullcote na Amurka, duk ba sa cikin lissafi. Har kwalbar akrilik ta Tamiya in ka juya ta za ka ga alamar wuta, saboda akwai sinadarin alkohol a ciki. Abin da zai wuce ba rigima shi ne mai ruwa zalla da ba shi da alamar nan. Kada ka sa a buɗe wa bawan Allah akwati a filin jirgi saboda banish.

Maman Ilham: To Injiniya, hukumar jiragen sama ta yanke hukunci.

Injiniya Kaduna: An yi min taron dangi. Shi ke nan, amma duk ranar da ka samu mai kawo kaya ta ruwa, ka tuna da ni.

Mai Fentin Mota: Salamu alaikum manya. Ni tambaya ce gare ni. Me ya sa sai an jira wani ya dawo daga Turai? Mu nan Kano kullum muna fesa kiliya, wato banish ɗin mota, akwai ma marar sheƙi yanzu da samari ke so. Tina kuma galan-galan. A ɗiba kaɗan a fesa wa jirgin mana.

Baba Mai Tankoki: Malam, tambayarka tana kan hanya, amma jikin mota ƙarfe ne, namu roba ce. Tinar da kuke aiki da ita tana narka robar da ake yin waɗannan jirage da tankoki, in ta sauka a jiƙe sai fuskar ta yamutse. Wanke bindiga kam tana yi, in dai zobban cikin bindigar ba na roba mai laushi ba ne. Ita kuma kiliyarku mai haɗi biyu, wadda ake zuba wa hadna, ruwan da ke sa ta ƙanƙare, kauri gare ta. A mota alheri ne, a jirgi 1/48 sai ta cike layukan jiki da 'yan ƙusoshin da aka sha wahalar fito da su. Masu haɗa ƙananan motocin tsere suna fesa mai sheƙinta don ƙyalli, amma wannan wani fanni ne. Ga kuma hadnar, akwai guba a cikinta mai taɓa huhu, ba abin fesawa a ɗaki ba ne. Ku ma da kuke aikin a fili ya kamata ku riƙa rufe hanci da na ƙwarai.

Mai Fentin Mota: Gaskiya ne Baba, yaranmu da yawa da hankici suke yi. Amma abu ɗaya na sani da zai yi muku amfani. Lokacin hunturu fenti yana bushewa a iska kafin ya isa jikin mota, ka shafa hannu ka ji yashi-yashi. Mukan matso da bindiga, mu sa tina mai jinkirin bushewa. Da damina kuma kiliya takan yi gajimare.

Baba Mai Tankoki: Ka ga wannan ita ce maganar, ta fi sunan kowace kwalba. Fari iri biyu ne, na hunturu da na damina, kuma maganinsu ya saɓa. Ɗan Zariya, ka karanta abin da malamin nan ya rubuta sau biyu.

Ɗan Yamai: Bari in ɗora a kai, don mu a Yamai bushewar ita ce abokiyar zamanmu. Yawancin bidiyon da muke kallo a Turai ko Japan aka yi su, inda iska ke da laima. Su ce ka tsaya nesa ka yi feshi sama-sama. In ka bi wannan a watan Janairu a nan, ko a Zariya, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, banish zai sauka a jirgin a bushe. Ba ya samun damar kwanciya ya haɗe, sai ya taru ƙwaya-ƙwaya, musamman a lungun da fiffike ya haɗu da jiki da ƙarƙashin wutsiya, inda iska ke juyawa. Wannan farin mai kaushi ne, yatsa yana jin sa.

Abin da nake yi: ƙarfin iska tsakanin psi 15 da 18, nisa bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, in ɗiga maganin jinkirta bushewa kaɗan a kofin. Zagayen farko siriri, don ya kama. Na biyu sai in bari ya sauka da ɗan danshi, in ga ya yi sheƙi na ɗan lokaci sannan ya dushe a gaban idona. In bai yi sheƙin nan ba sam, a bushe yake sauka. In sheƙin ya daɗe bai tafi ba, ya yi yawa. Kuma da sassafe nake feshi ko bayan isha'i. Watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, da rana ko kusa da bindiga ba na zuwa.

Ɗan Zariya: Na gode Yaya. Allurar 0.3 ɗin za ta yi?

Ɗan Yamai: Za ta yi. Da 0.4 ko 0.5 ce da ta fi, don hodar tana son toshe ƙaramin baki, 0.2 kam wahala ce. Ka ajiye audugar kunne da aka jiƙa da tina kusa, kana goge kan allura a kai a kai. In ka ji bindiga ta fara tofi, tsaya, kada ka ƙara ja da ƙarfi. Nan ne dunƙule ke fitowa ya manne a tsakiyar tambari.

Na Manchester: Ƙari a kan tsinkawa. Kowane banish da ruwan gidansu. Vallejo da Galeria ruwa mai tsabta ko tinar akrilik suke so, in ka zuba musu alkohol ko tinar lakka suna iya dunƙulewa su yi yauƙi a cikin bindiga. XF-86, banish marar sheƙi na Tamiya, shi kuma yana karɓar tinar akrilik ɗinsu X-20A, yana kuma karɓar tinar lakka. Sannan a kula da X-21 Flat Base. Mutane da yawa sun ɗauka banish ne saboda sunansa, alhali hodar ce zalla da ake haɗawa da fenti mai sheƙi ko da X-22. In aka fesa shi shi kaɗai, fari fat.

Ɗan Agege: Jama'a kun zo daidai inda nake. Ku duba hoton nan. Tankin yaƙi T-55 ne, sikeli 1/35, jiya da yamma na fesa masa wani gwangwanin banish da na saya a kasuwa, hadari na haɗuwa. Yanzu kore ya koma ruwan madara, amma in na shafa sumul ne, ba kaushi. In wanke fentin duka ne?

Injiniya Kaduna: Kada ka wanke komai tukuna. Wannan shi ne fari na biyu, gajimaren da Mai Fentin Mota ya faɗa. Tina in tana tashi da sauri tana sanyaya wurin, iskar Legas kuma cike take da laima, sai raɓa ta kwanta a kan banish ɗin yana ɗanye, ya bushe da ruwa a cikinsa. Bar shi ya bushe sosai a wuri marar danshi. Sannan ka gwada a ƙarƙashin tankin inda ba a gani: fesa banish mai sheƙi siriri. Yakan cike 'yan ramukan da ruwan ya bari, launi ya dawo. In ya dawo sai ka bi sauran jikin, ka jira rana mai kyau ka maimaita marar sheƙi. In lakka ne kuma kana da Leveling Thinner, fesa ta ita kaɗai sama-sama ma yana narkar da fuskar ta sake kwanciya. Sama-sama fa, kada ta kwarara.

Maman Ilham: Nan kam na yarda da kai. Ɗan Agege, ka kuma duba kwamfiresarka ranar da za ka koma bindiga. A wajenku tanki yana tara ruwa, ka riƙa buɗe ƙusar ƙasa kana zubarwa, ka sa tarkon ruwa kusa da bindigar. Ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aiki.

Ɗan Agege: Allah ya saka. Zan gwada a ƙarƙashi.

Baba Mai Tankoki: Ni akwai abin da ban ji kowa ya tambaya ba. Ɗan Zariya, wa ya ce maka jirgin nan dole ya mutu murus, ba ɗigon haske? Yanzu yayi ake na fesa wa komai banish mafi dushewa, tanki da jirgi da taya da bindiga duk su zama abu ɗaya. Jirgi ƙarfe ne da aka fenta, ana wanke shi, ana taka shi, mai yana zuba a jikinsa. Nemo hotunan Alpha Jet ɗin namu, har na lokacin da suka yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, ka duba yadda haske ke kwanciya a bayansu da gefen hanci. Sannan ka yanke shawara. Ni da nawa ne, zan haɗa marar sheƙi da mai sheƙi kaɗan, ko in sa mai rabin sheƙi, in bar mai dushewa sosai ga taya da saman fiffike inda rana ke ci.

Ɗan Yamai: Baba, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Jirgin da ya sha ranar Sahel da ƙurar hunturu ba ya riƙe sheƙi. Kuma ƙaramin abu in ya yi ƙyalli, ido yana karanta shi a matsayin abin wasan yara. Abin da kake kallo daga mita ɗaya a sikeli 1/48 kamar ka tsaya mita 48 ne daga jirgin gaske, daga can kuwa sheƙin ba ya kai haka.

Baba Mai Tankoki: Daga mita 48 ma gilashi yana walƙiya, bakin injin yana da nasa hasken, fentin yana da nasa. Bambancin nan nake karewa, ɗana. Ban ce a mayar da shi motar amarya ba.

Injiniya Kaduna: Baba na da gaskiya a abu ɗaya ko da ba a yarda da sauran ba: wurin da aka yi wa fentin ƙarfe, irin bakin injin da ƙafafun sauka, in marar sheƙi ya hau shi toka yake komawa. A rufe su, ko a manna su bayan an gama.

Maman Ilham: Da gilashin matuƙi. Tef ɗin da ka rufe shi da shi kada ka cire sai banish ya hau ya bushe. In ya taɓa gilashin, hazo ne. Wajen cirewa ka bi gefen da sabuwar reza a hankali, don banish mai ruwa yakan bi tef ya yage. Fitilun kan fiffike kuma bayan an gama ka ɗiga musu X-22 da tsinken sakace.

Na Manchester: Saura tambura da fentin man da ya ce ya zuba. Ka ɗaga jirgin a haske ka karkata shi, ka duba ko akwai tambarin da gefensa ke walƙiyar azurfa. Iska ce ta maƙale a ƙasa. Marar sheƙi ba ya ɓoye ta, ƙara fito da ita yake, don komai ya dushe ita ta rage tana haske. Huda da kan allura, ɗiga Micro Sol, ruwan tausasa tambari, bar shi ya kwanta. Fentin mai kuma a ba shi kwanaki ya bushe. Banish mai ruwa a kan mai ɗanye tsattsagewa yake yi ko ya tattare. In kana da niyyar sa hodar launi ta ƙura ko hayaƙi, bar ta sai ƙarshe, banish yana cinye ta, marar sheƙin kuma shi ke ba ta wurin kamawa.

Ɗan Zariya: Wallahi na ƙaru. Wato kafin in taɓa jirgin in gwada a wani abu?

Ɗan Yamai: Cokalin roba. Fesa masa koren da ke jikin jirgin da X-22 a kai, yadda ka yi wa jirgin daidai, ɗaya kuma baƙi, don baƙi ba ya rufa wa fari asiri. Ka gwada a ranar da za ka yi aikin, a lokacin da za ka yi, ba mako guda kafin nan ba. In ka gama jirgin kuma kifa masa roba mai tsabta, ka ɗan ɗaga gefe iska na shiga. Hazon yanzu ko an rufe taga yana shigowa.

Mai Fentin Mota: Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin ka fara, haka muke kwantar da ƙura a gareji.

Ɗan Zariya: To ga abin da zan tura wa Yaya: Galeria marar sheƙi ƙaramar kwalba, AK183 ɗaya, banish mai rabin sheƙi na Vallejo saboda maganar Baba, da maganin jinkirta bushewa. Zan ce ya duba bayan kowace kwalba, in ya ga alamar wuta ya bar ta.

Na Manchester: Ya naɗe murafen da tef, ya sa su a leda mai zif, a akwatin da ake aunawa.

Ɗan Agege: Jama'a na dawo. Na fesa mai sheƙi a ƙarƙashi, kore ya dawo. A gefen hasumiyar da ke ɗauke da bindigar tankin kuma akwai inda farin ya rage a cikin lungu, kusa da akwatunan kaya. In ƙara wani zagaye ne?

Injiniya Kaduna: Kada ka ƙara da bindiga, sai ya taru a kewaye. Ɗauki ƙaramin buroshi ka ɗiga mai sheƙin a cikin lungun kawai, ya bi da kansa. In ya bushe bai tafi ba, ɗora hoto kusa-kusa mu gani, don yana iya zama hoda ce ta taru a wurin, ita kuma sai an goge da samfefa mai laushi, lamba 2000 ko sama.